Baƙo a Zauren Ubansa

Ni dai ban taɓa ganin an yanka wa mutum zabo don a kore shi ba sai a gidan Kailu. Danga ɗaya ce tsakanina da gidan nan. Tun uwarsu Mairama tana da rai muke miƙa wa juna wuta ta samanta, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba. Ni ce Habsatu mai fura ta kasuwar Filinge, kuma na tsufa da yi wa mutane kara.

Ranar da Manzo ƙanen Kailu ya dawo, da hantsi ne, farkon kaka, ina cikin kirɓin fura. Na hangi mutum ya doso lungunmu yana jan ƙafar hagu, sanda a hannu, tsumman buhu a kafaɗa. Sai da ya yi sallama na gane muryar, taɓarya ta suɓuce mini.

"Manzo! Kai na?"

"Ni na, Inna Habsu. Ina tsohuwa?"

Na girgiza masa kai, shi kuwa ya gane. Ya jingina da dangata ya yi salati, ya share ido da bakin riga, sannan ya ce bari ya shiga gida.

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabonsa da ƙasarmu ta Kurfai. Lokacin da Nasara suka ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya na ɗaukar kaya zuwa Damagaram, kan Kailu abin ya faɗa, don shi ne babba. Manzo, yana saurayi ko aure bai yi ba, ya ce, "Yaya, zamna, kai ka da iyali. Ni za ni." A gabana ya faɗa. Ya tafi, uban ya rasu, uwar ta bi shi, ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa.

Na leƙa ta danga ina jiran in ga wa ya rungumi ƙanensa. Kailu ya fito, ya tsaya a ƙofar zaure, ya dube shi daga hula har ƙafar nan da ta karkace. Sai ya washe baki.

"Maraba da baƙo! Maraba, maraba. Muna, kawo ma baƙo ruwa. Sule, ɗauko sabuwat tabarma."

Sule, babban ɗan Kailu, ya shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure. Aka kawo ruwa a sabuwar ƙwarya, an rufe da faifai. Muna matar Kailu, wadda a da take ɓoye wa Manzo takalmi tana ce masa mijina ragon noma, ta durƙusa can nesa ta gaishe shi kanta a ƙasa kamar ta ga malamin wani gari. Kafin azahar an yanka zabo. Maƙwabta suka yi ta cewa kai, Kailu ya san darajar ɗan'uwa. Har ni da furfurata na faɗa, Allah ya yafe mini.

Sai da na kwana na tashi abin ya faɗo mini a rai. A ƙasarmu wa yake yi wa ɗan gida sabuwar tabarma? Ɗan gida kai tsaye yake shigewa ciki, ya buɗe tukunya, a yi masa tsawa, ya wanke hannu ya tsoma a akushin da kowa yake ci. Wanda aka rufe wa ruwa da faifai, kwanakinsa a ƙirge suke. Baƙo raɓa ne, Kailu kuwa ya san haka sarai, shi ya sa bai ƙara kiran ƙanensa da sunansa ba.

Rana ta biyu Manzo ya miƙe zai shiga ya ga ɗakin uwarsa. Kailu ya tare ƙofar da fara'a.

"Zamna, zamna, ka sha hanya. Mata ba su kimtsa ba."

"Yaya, waɗanne mata? Muna ta hwa."

"Haba, bari dai ka huta."

Da aka kawo tuwo, nasa daban a ƙaramin akushi. Ya ce a bar shi ya ci da su, Kailu ya ce ai bai kamata ba, baƙo cikin sutura yake cin abinsa. Rana ta uku aka kawo sauran romon zabo. Rana ta huɗu ɗumame ne ba miya. Daga nan sai yadda Muna ta tuna.

Lokacin ana kwasar hatsi daga gona. Kailu ya ce rumbu bai gama shan yaɓe ba, za a ɗan ajiye dammuna a zaure. Aka jera goma a bango, Manzo ya ja tabarmarsa gaba. Washegari aka ƙaro ashirin, ya ƙara ja. Hatsin nan kuwa daga gonar bakin kwarin da muke kira dallol aka kwaso shi, wadda ubansu ya yanka wa Manzo tun yana da rai, kowa a unguwa ya sani. Ranar da tabarmar ta kai bakin ƙofa, ƙafarsa a waje kansa a ciki, na ji su suna magana da la'asar.

"Yaya, ɗakina hwa?"

"Sule za shi aje amarya cikinai bayan kaka. An riga an yi magana da mutanen Tabla, ƙaƙa za ni da su?"

"To in kahwa bukka bayan rumbu. Kara kaɗai nika so."

"Wurin awaki na."

"Gonata ta bakin dallol?"

Kailu ya tofar da goro, sannan ya ce, "Manzo, ka san abin da manya sunka ce. Kowa yab bar gida, gida ya bar shi."

"Ni na bar gida, ko gida yat tura ni?"

"Ni dai ban ɗaura maka igiya ba. Kai kac ce za ka."

Wallahi da na ji wannan magana sai da ludayi ya karye a hannuna. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ubansu mutum ne da ko kare ya shiga inuwarsa ba ya kora.

Bayan kwana biyu aka cika zauren da hatsi har ƙofa, aka naɗe sabuwar tabarmar aka mayar ciki. Ba wanda ya ce wa Manzo fita. Kailu har haƙuri ya ba shi, ya ce ɗan lokaci ne, da an gama rumbu shi ke nan. Manzo ya ɗauki buhunsa ya koma rumfata ta kasuwa. Ɗaki ɗaya gare ni, mijina ya daɗe da rasuwa, na ji tsoron bakin mutane ban ce ya zo gidana ba. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan.

A rumfar yake wuni, yana kore mini ƙuda daga bakin ƙwarya, ina dama masa fura. Mutane suka riƙa taruwa jin labarin birane, don mu a Kurfai ba mu san mutum marar gida ba. Ko mahaukaci yana da dangar da yake komawa idan rana ta faɗi. Wani mai jaki, Issa, ya tambaye shi wai da gaske ne a birni akwai masu kwana a waje shekara da shekaru.

"Ni na ɗaya," in ji Manzo. "Daga Damagaram na gudu, don na ga waɗanda munka tahi tare suna hwaɗuwa ɗaya-ɗaya. Na shiga Kano ban san kowa ba. Can kam, in ba ka da gida kana da zaure. Ka yi sallama, ka samu lungu, ba mai tambayar ɗan wa kake. Shekara huɗu na yi zauren wani mai rini, ina share mai bakin karofi, ko sunan garinmu bai iya hwaɗi ba. Mu bakwai muka kwana ciki. In ɗaya yam mutu, unguwa ta yi mai sutura, gobe wani shi maye wurin."

"To mi yah hishe ka?"

"Kwaɗayi. Anka ce Kumasi kuɗi ƙasa suke, sai dai ka duƙa ka ɗauka." Ya yi dariya. "Can ruwan sama ba shi da wata. Ƙasa jiƙe take kullum, ba inda za ka sa haƙarƙari. Muddin kana da wuyan ɗaukar kaya, mai gidan zango na sonka, ku goma sha biyu ɗaki guda, wasu su tashi wasu su kwanta. Ran da amalanke yab bi ta ƙahwata, kwana tara anka yi min haƙuri, na goma anka hidda buhuna. Na koma gindin kanti bisa tsumma. Mai gadi shi zo da bokiti shi sheƙa muna ruwa, wai muna ɓata ma Bature ƙohwa. Shekara biyu ina haka, ƙahwa ta warke yadda tag ga dama."

Issa ya ce ai gara da ya dawo ƙasarmu, ko Yamai ta fi masa.

"Yamai?" Manzo ya ajiye ludayi. "Yamai ba a kora, kamawa aka yi. Nasara na ginin gidajensu, suna son hannuwa. Da sahe masu jar hula, dogaran Nasara, su bi bakin kogi, su ɗaga jiragen da anka kihe, duk wanda sunka iske ƙarƙashi su tambaye shi gidan wa yake. In ba shi da mai cewa nawa na, sai igiya, sai ɗaukar tubali har shi hwaɗi. Ba su duba ƙahwa. Sau biyu ina tsira da ƙyar, na ce in zo gida inda ba a yi min wagga tambaya."

Ya faɗi haka yana zaune a rumfar kara, ga gidan ubansa can ana hango saman rumbunsa. Masu sauraro suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Ya je wurin liman, liman ya ce sha'anin gida ne, a yi haƙuri, zumunci ba ya son tone-tone. Ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya ce bari a gama kaka. Kailu kuwa kullum da safe in zai wuce gona sai ya tsaya a rumfata, a gaban jama'a, ya ce, "Ina kwanan baƙonmu? Ƙaƙa gajiya?" Manzo ya amsa lafiya lau. Ƙafar ta fara kumbura saboda kwanan ƙasa, tari ya kama shi, furar ma sai ya sha rabi ya ture.

Ran nan na kasa daurewa. Na bar ƙwaryata na tari Kailu a hanya.

"Kailu, ni na yanke maka cibi, ni na yanke ma Manzo, wuƙa guda. Ka ji tsoron Allah."

"Inna, mi na yi? Ban yanka mai zabo ba? Duk gari an gani."

"Zabon tsiya! Ka kira shi da sunanai, ka kai shi cikin gida."

"Inna, ba ki san zamani ba. Mutumen ga gudowa yay yi daga aikin Nasara. In na ce ɗan gidana na, ran da sunka tuna, wa za su kama? Ni da iyali. Kuma shekara goma sha ɗaya wa yan nome gonar? Wa yab bizne tsohhi? Yana can yana yawon birni, yanzu ya kwaso ƙahwa guda ya zo rabon gado."

"Yawon da yat tahi don kai ka zamna?"

"Wanga tsohon zance na," ya ce, ya gyara fartanya a kafaɗa ya wuce.

Mako bai cika ba masu jar hula suka zo, su biyu a kan dawaki, ranar kasuwa da hantsi. Kumandan, Baturen da ke mulkinmu, yana son mutane na gyaran hanyar Yamai, unguwarmu biyar za ta bayar. Mai unguwa ya tara huɗu. Na biyar kowa ya san daga inda zai fito, don layi ya zagayo kan gidan Kailu, kuma namijin da ke da ƙarfi a gidan shi ne Sule, ɗan shekara goma sha tara, angon bayan kaka. A yadda suke yi, ba su karɓar gurgu ko tsoho a madadin gida. Amma wanda aka samu yana gararamba ba shi da gida, shi ba a duba lafiyarsa, ɗaure shi ake a cika lissafi.

Babban cikinsu, wani dogo mai tsage a kumatu, ya hango Manzo a rumfata da buhunsa a gefe.

"Kai, nan kaka kwana?"

Na yi caraf na ce, "Ɗan gari na, ranka shi daɗe. Ɗan Mairama na, ga gidan ubanai can."

"Tsohuwa, ba ke na tambaya ba. Ina mai gidan?"

Aka kira Kailu. Ya zo, Sule yana bayansa fuska duk ta yi fari. Kasuwa ta yi tsit, har masu awo suka saki mudu. Manzo ya dafa sanda ya miƙe tsaye. Bai roƙa ba, ya dai zuba wa wansa ido.

Dogon ya nuna shi da bulala. "Wanga na gidanka na?"

Kailu ya dubi Sule. Ya dubi ƙasa. Na ce a raina yanzu jini zai yi magana.

"Baƙo na," ya ce. "Ya sabka wurina kwanaki, na yi mai abin da aka yi ma baƙo. Kowa shaida na."

Mai jar hula ya juya ga jama'a. "Haka na?"

Mutanen da suka ci ƙashin zabon nan, mutanen da suka yi wasan langa da Manzo suna yara, suka sunkuyar da kai. Wani ya ce, "An dai yanka mai zabo." Na yi ihu na ce ƙarya ne, na kira sunan uwarsu da na ubansu da na kakansu, na ce a tambayi liman. Liman ya riga ya zame. Ƙaramin mai jar hula ya ture ni na faɗa kan ƙwaryata, fura ta malale a ƙasa. Maganar mace ba ta tsayar da igiya a gaban mai gida.

Suka ɗaura wa Manzo igiya a ƙugu, shi ne na ƙarshe a layi. Sai ya juya, muryarsa ko rawa ba ta yi, ya ce, "Mai gida, na gode da sabka. A yi min bankwana da mutanen ciki, tunda ban samu ganinsu ba."

Kun san abin da Kailu ya yi? Ya aiki Sule gida da gudu, ya dawo da goran ruwa da ƙullin gari. Ya rataya wa Manzo goran da hannunsa. Sannan ya bi bayan layin yana tafiya a hankali, hannu a baya, har gindin gawon da ke bakin gari, inda ake juyawa in an raka baƙo. A nan ya tsaya ya ɗaga hannu ya ce Allah shi kiyaye hanya. Rakiya ya yi masa, jama'a! Ya cika al'ada tsaf, ba inda za a kama shi. Da ya dawo ta kasuwa wani har ya ce masa sannu da ɗawainiya.

Tun daga ranar nake cewa, masu zagin birni su zo su ba ni amsa. Kullum muna nan muna taunar goro muna cewa mutanen birni ba su da zumunci, ga mutum kwance a titi suna tsallake shi. To su waɗanda suka tsallake Manzo ba su sha nono ɗaya da shi ba. Mai gadin da ya sheƙa masa ruwa bai ci hatsin gonarsa ba. A birni aƙalla wanda zai wulaƙanta ka ba ya yi maka maraba tukuna. Mu nan muka iya ɗaukar abin da iyaye suka bar mana don a mutunta baƙo, muka mai da shi wuƙa, muka yanka ɗan gida da ita, gari guda yana kallo yana yaba tarbiyya.

Bayan kwana goma sha biyu Issa mai jaki ya dawo daga kudu da gishiri. Bai ko sauke kaya ba ya zo rumfata. Ya ce Manzo bai kai Yamai ba. Bayan Bonkuku ƙafar ta ƙi, aka ja shi wuni ɗaya, da suka ga yana ɓata musu tafiya suka kwance shi suka bar shi a gindin wata adduwa kusa da wani ƙauyen Zabarmawa. Matan da suka je itace suka gan shi. Mutanen ƙauyen suka ɗauke shi, suka sa shi a ɗakin wani tsoho, cikin gida, ba su jin maganarsa ba ya jin tasu. Kwana biyu ya yi ya cika. Su suka yi masa wanka, suka yage zanen wata mata suka yi likkafani.

Na ce wa Issa ya bari, ni zan kai labarin. Na iske Kailu a ƙofar gida yana duba yaɓen ɗakin amarya. Na faɗa masa duka, ban rage ko kalma ba, har zanen matar. Ina so in ga fuskarsa.

Ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Inna lillahi. Allah shi jiƙanai, Allah shi sa ya huta." Ya murza ƙasar yaɓe a yatsunsa. Sannan ya ɗago kai.

"Inna, Issa bai ce komi ba bisa goran? Aro na ba shi."